RAWANI ƊAYA, GIDAJE HUƊU: YADDA AKE GADON SARAUTAR ZAZZAU

Ranar Lahadi 20 ga watan Satumba, 2020, da yawa daga cikinmu muna fitowa daga sujada ne labari ya iske mu cewa Mai Martaba Sarkin Zazzau, Alhaji Shehu Idris, ya rasu a asibitin soja na 44 da ke Kaduna. Ya yi shekara 45 a bisa gado. Ni da tsararrakina mun buɗe ido mun tarar da shi ne sarki, ba mu taɓa sanin wani ba. Saboda haka a wannan mako, duk inda ka zauna, ko a Wusasa, ko Sabon Gari, ko Tudun Wada, ko Samaru, tambaya ɗaya ce a bakin samari: wane ne cikin 'ya'yansa zai gaje shi? Dattawa kuwa sai su yi murmushi, gama sun san tambayar ba ta zauna daidai ba. A Zazzau, kafin a tambayi wane ɗa, sai an tambayi wane gida.

Bayan kwana 17, ranar Laraba 7 ga watan Oktoba, gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar naɗin Alhaji Ahmed Nuhu Bamalli. Shi ba ɗan marigayin ba ne, ba kuma daga gidansu ya fito ba. Daga gidan Mallawa yake, gidan da rabonsa da wannan rawani tun 1920, watau shekara ɗari cif.

Ƙaunatattun masu karatu, yaya gida zai jira shekara ɗari, har wa yau a ce yana da haƙƙi? Wannan ita ce tambayar da za mu bi a wannan shafi. Za mu shiga cikin ganuwar Zariya mu ga yadda aka faro, sa'an nan mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka yi irin wannan gado amma ƙarshensa bai yi kyau ba.

Sarakunan farko

Sarautar Zazzau ta girmi gidajen nan huɗu nesa ba kusa ba. Bisa ga labarin da aka gada, Zazzau tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta na fari kuwa shi ne Gunguma, ɗan Bawo, jikan Bayajida. Mazaunin sarauta ya yi ta ƙaura, daga Turunku zuwa gindin dutsen Kufena, kafin ya tabbata a inda birni yake yanzu. Jerin sarakuna ya sa Bakwa Turunku a wajen shekarar 1536. Daga wannan gida ne Sarauniya Amina ta fito, wadda har yau ake jingina wa ganuwowi da yawa a ƙasar Hausa, da kuma ƙanwarta Zariya, wadda ake cewa birnin ya ci sunanta.

Sarki na ƙarshe a wannan zuriya cikin birnin Zariya shi ne Muhammadu Makau. Sa'ad da mutanen jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zo, a shekarar da jerin sarakunan Zazzau ya ajiye 1804, Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu zuwa Zuba. Bayan rasuwarsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa sabon gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin tarayya ta ɗauki wannan suna domin sabon babban birni a 1976, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har wa yau Sarkin Suleja yana amsa sunan Sarkin Zazzau. Wannan shi ne abu na fari da ya kamata mu lura da shi: an karɓe musu gari, amma sun tafi da suna, suna nan riƙe da shi fiye da shekara 200.

Yadda gida ɗaya ya zama huɗu

Wanda ya karɓo tuta daga Shehu shi ne Malam Musa, Bafillace wanda asalin danginsa daga Malle ne, watau ƙasar Mali. Daga nan aka sami sunan Mallawa. Amma ba shi kaɗai ya ci garin ba. Yana da abokan tafiya, kowanne da jama'arsa da dawakinsa. Babba cikinsu shi ne Yamusa, daga Fulanin da suka zauna a Barno, wanda Malam Musa ya naɗa Madaki, watau shugaban mayaƙa. Akwai kuma Malam Abdulkarimu, wanda danginsa suka fito daga ƙasar Katsina.

Da Malam Musa ya rasu a 1821, ba ɗansa aka naɗa ba, sai Madaki Yamusa. Da Yamusa ya rasu a 1834, shi ma ba ɗansa aka naɗa ba, sai Abdulkarimu, wanda a zamaninsa ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ka ga ke nan cikin shekara 30 mutum uku sun hau, kowanne daga dangi dabam. Kowane ɗayansu kuwa ya bar 'ya'ya, kowane ɗa yana iya cewa, ubana ya yi sarki. Haka aka sami gidan Mallawa, da gidan Barebari, da gidan Katsinawa.

Gida na huɗu ya shigo ne ta wata ƙofa. A tsakiyar ƙarni na 19 aka naɗa Sidi Abdulƙadir, ɗan Malam Musa, amma bai cika shekara ba ya sami saɓani da Wazirin Sakkwato, aka tuɓe shi. Maimakon a koma ga ɗaya daga cikin gidajen da ke jayayya, sai aka ɗauko Abdussalami daga Sulluɓawa. Shi kaɗai ne sarkin da wannan gida ya taɓa fitarwa, amma wannan hawa ɗaya ya isa ya sa sunan Sulluɓawa cikin jerin masu gado.

In muka ƙirga daga Malam Musa zuwa sarki na yanzu, sarakuna 19 ne. Ga yadda suka kasu:

Gidan Barebari, 9: Yamusa, Hammada, Mamman Sani, Abdullahi, Yero, Kwasau, Dalhatu, Ibrahim da Ja'afaru.

Gidan Mallawa, 5: Malam Musa, Sidi Abdulƙadir, Abubakar, Aliyu Ɗan Sidi da Ahmed Nuhu Bamalli.

Gidan Katsinawa, 4: Abdulkarimu, Sambo, Muhammadu Aminu da Shehu Idris.

Gidan Sulluɓawa, 1: Abdussalami.

Wanda ya dubi wannan lissafi zai gane cewa ba layi ake bi ba kamar na ɗiban ruwa a famfo. Da layi ne, da kowane gida ya tashi da kashi daidai da na ɗan'uwansa. A tsawon wannan tarihi babu wata doka da ta ce in an sauka daga wannan gida sai wancan. Abin da ke akwai shi ne ƙofa a buɗe ga kowa. Wanda ya fi ƙarfi a ranar, ko wanda na sama suka fi yarda da shi, shi ke shiga.

Masu zaɓe a gida, mai naɗi a waje

A zamanin daular Sakkwato, in sarki ya rasu, manyan malamai da 'yan majalisa na Zariya sukan zauna su fitar da sunaye su aika wa Sarkin Musulmi. Wazirin Sakkwato, wanda shi ne ƙofar Zazzau a can, shi ke zuwa da amsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Da yake gidajen Zariya ba bakinsu ɗaya ba, Sakkwato ta sami ikon da ba ta samu ba a wurare da yawa. Ta tuɓe Sidi Abdulƙadir. Ta tuɓe Abdullahi, ta mayar da shi, ta sake tuɓe shi. Ta tuɓe Sambo a 1888, a lokacin da hare-haren Ningawa suka dami ƙasar. Duk sarkin da ya ɗaga kai ya san akwai wasu gidaje a cikin ganuwa da ke jiran ya yi tuntuɓe.

Hawan sabon sarki kuwa ba canjin mutum ɗaya ba ne kawai. Sarki yakan sauke mutanen gidan da ya gabata daga manyan sarautu, ya naɗa 'ya'yansa da 'yan'uwansa da barorinsa. Sarautar Madaki ita ce aka fi ajiye wa babban ɗa, domin ya tara dawaki da dukiya da jama'a kafin ranar jayayya. Har ma sarautun da a zamanin su Makau ba na 'ya'yan sarki ba ne, suka koma hannunsu. Misali sarautar Iya, wadda a dā ta mace ce, ta zama ta manyan 'ya'yan sarki maza.

Akwai kuma gefen da ba za mu ɓoye ba. Dukiyar da ake yin wannan tsere da ita, mafi yawanta daga rinji take fitowa, watau ƙauyukan bayi masu noma wa iyayengijinsu, da kuma gandun da garuruwa irin su Keffi, Nasarawa da Jama'a suke kawowa. Gaisuwar da Zariya ke aika wa Sakkwato ta haɗa da bayi. Da yawa cikin waɗannan bayi daga duwatsun kudancin Zazzau aka kamo su, inda kakannin masu karatu da yawa suka fito. Wannan ya wuce, jikokin kowane gefe suna zaune tare a yau, amma tarihi ba ya cika in an faɗi sunan wanda ya hau doki aka manta da wanda ya yanko ciyawa.

A ƙarni na 19 sau ɗaya tak ɗa ya gaji ubansa kai tsaye. Wannan shi ne Kwasau, ɗan Sarki Yero, a 1897. Yana riƙe da sarautar Madaki, rundunar ubansa kuma tana bayansa, har ya zama ba a iya tsallake shi ba. Amma bai daɗe ba sai ga wani mai naɗi ya iso, wanda ya fi Sakkwato bindiga.

Zamanin Turawa

A 1902 Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa ƙasar Zazzau da hari. Kwasau ya nemi taimakon sojan Turawa, suka shigo ba tare da yaƙi ba. A watan Oktoba na wannan shekara Magajin Keffi ya kashe Baturen nan Kyaftin Maloni. Da yake Keffi tana ƙarƙashin Zazzau, Turawa suka ɗora zargi a kan Kwasau, suka sauke shi, daga baya aka kai shi Lakwaja inda ya rasu.

A 1903 suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, ɗan wancan Sidi Abdulƙadir da aka tuɓe. Malami ne, kuma mawaƙi, wanda har yau ana karanta waƙoƙinsa irin su Tabarƙoƙo da Waƙar Diga a makarantu. A zamaninsa ne Likita Mila na mishan ɗin C.M.S. ya zauna cikin birni tun daga 1905, kafin aikin ya koma Wusasa a wajen 1929. A zamaninsa ne kuma jirgin ƙasa ya iso Zariya. Amma a 1920 Turawa suka tuɓe shi, suka kai shi Lakwaja shi ma, can ya rasu. Daga wannan rana agogon jiran Mallawa ya fara bugawa.

Rawani ya koma gidan Barebari, ya zauna can shekara 39: Dalhatu daga 1920, Ibrahim daga 1924, sai Ja'afaru daga 1937 zuwa 1959. Da hawan Ja'afaru wani abu ya canja. Kafin shi, in ka cire waɗanda suka kafa gidajen, duk wanda ya hau ɗan sarki ne na cikinsa. Ja'afaru kuwa ɗan Isiyaku ne, mahaifinsa bai yi sarki ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne sanin aiki, gama ya daɗe yana hakimcin Zangon Katab da sarautar Katuka. Wannan ya buɗe hanya ga jikoki. Da an tsaya a kan cewa sai ɗan sarki na cikinsa, da duk gidan da ya rasa rawani na tsawon rayuwar mutum ɗaya ya fita daga gado har abada.

A 1959 aka naɗa Muhammadu Aminu, wanda ke riƙe da sarautar Iya, daga gidan Katsinawa, gidan da rabonsa da sarauta tun tuɓe Sambo a 1888, watau shekara 71. Bayansa, a 1975, sai Shehu Idris, jikan Sarki Sambo, wanda ya yi wa Sarki Aminu sakatare kuma yana riƙe da sarautar Ɗan Madami. Su biyun suka riƙe wa Katsinawa gado shekara 61.

Cikin waɗannan shekaru ikon sarki ya ragu ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Amma daraja ba ta ragu ba. Sarkin Zazzau shi ne shugaban majalisar sarakunan Jihar Kaduna, hakimai da dagatai da masu unguwa suna ƙarƙashinsa, kuma in rigima ta tashi tsakanin maƙwabta, ko kan gona ko kan addini, maganar da ta fito daga fada tana iya kashe wuta, rashinta kuma yana iya barin ta ta ci. Saboda haka wanda ya hau wannan gado ya shafi mazaunin Wusasa kamar yadda ya shafi mazaunin Ƙofar Doka.

Abin da ya faru a 2020

A 2020 masu zaɓen sarki a Zazzau su biyar ne: Waziri, Fagaci, Makama Ƙarami, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Da suka zauna bayan rasuwar Shehu Idris, sunayen da suka fitar su ne Iyan Zazzau Bashir Aminu, ɗan Sarki Aminu. Yariman Zazzau Munir Ja'afaru, ɗan Sarki Ja'afaru. Da Turakin Zazzau Aminu Shehu Idris, ɗan marigayin. Dukansu uku 'ya'yan sarakuna ne na cikinsu, biyu daga Katsinawa, ɗaya daga Barebari. Babu Mallawa a ciki.

Gwamnan wancan lokaci, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya soke wannan zaɓe bisa hujjar cewa an bar wasu masu nema a waje, ya sa a sake. Ya kuma sanar wa duniya cewa yana karanta littafin da Bature M. G. Smith ya wallafa a 1960 a kan tsarin mulkin Zazzau. A ƙarshe ya naɗa Magajin Garin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya yi jakadan Nijeriya a ƙasar Tailan. Mahaifinsa, Malam Nuhu Bamalli, shi ma ya riƙe sarautar Magajin Gari, ya yi minista a jamhuriya ta fari, kuma shi ne marubucin littafin Bala da Babiya da iyayenmu suka karanta a firamare.

A nan ne amsar tambayarmu take. Mallawa ba su yi shekara ɗari suna zaune a zaure ba. Sun riƙe ƙananan sarautu, sun yi hakimci, sun sa 'ya'yansu a makaranta, sun yi aure da sauran gidaje, sun ci gaba da zuwa fada suna gai da sarakunan da ba nasu ba. Gida ba ya mutuwa muddin ana ganin rawaninsa ranar hawan salla.

Ba kowa ya ji daɗin naɗin ba. Iyan Zazzau ya kai ƙara kotu yana ƙalubalantarsa, kafin ya rasu ranar 1 ga watan Janairu, 2021. Amma abin lura shi ne, kotu aka tafi. Waɗanda suka tuna da tarzomar da ta ɓarke a Sakkwato a 1988, sa'ad da aka naɗa Ibrahim Dasuƙi, har aka rasa rayuka, sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Labarin gidan Onil a ƙasar Ayalan

Yanzu bari mu ƙetare teku. Ayalan tsibiri ne a yamma da Ingila. 'Yan'uwanmu na Katolika sun san sunan, gama da yawa cikin limaman da suka buɗe makarantu a Kaduna da Jos da Zariya daga can suka zo. Abin da ya kai mu can shi ne, su ma sun yi gadon sarauta mai kama da na Zazzau.

Kafin Ingila ta gama mallake tsibirin, manyan gidaje ke mulkinsa. Mafi ƙarfi a arewa shi ne gidan Onil, sarautar ma sunanta ke nan, Onil. Ba ta ɗan fari ba ce. Duk namijin da ubansa, ko kakansa, ko uban kakansa ya taɓa riƙe ta yana da haƙƙin nema, saboda haka takan yi yawo tsakanin rassan gidan. Sukan kuma zaɓi magaji tun mai sarauta yana da rai, su kira shi Tanis, kamar a ce Yarima mai jiran gado. Ana naɗin ne a bisa wata kujerar dutse a tudun Tulahog, a wurga takalmi ta bisa kan sabon sarki. Wannan tsari ma yana da nasa rigingimu, 'yan'uwa sukan zare wa juna takobi, amma ya riƙe gidan shekaru ɗaruruwa.

A 1542 mai riƙe da sarautar, Kon Onil, ya tafi Ingila ya durƙusa gaban Sarki Henri na 8. Ya miƙa ƙasarsa da sunan sarautarsa, aka mayar masa da ƙasar tare da sabuwar sarauta irin ta Ingila, watau hakimin Tayiron a ƙarƙashin Sarkin Ingila. Takardar naɗin ta ambaci magaji ɗaya, ɗansa Matiyu, daga shi kuma sai zuriyarsa. Da alƙalami ɗaya aka rufe ƙofa ga dukan sauran rassan gidan.

Wani ɗan nasa mai suna Shen ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce, ubansa ba shi da ikon miƙa abin da ba nasa ba, gama sarauta amanar dangi ce, mai riƙe da ita na ɗan lokaci ne. A 1558 mutanen Shen suka kashe Matiyu. A 1562 aka kashe babban ɗan Matiyu. A 1567 aka kashe Shen kansa. Wani ɗan Matiyu, Hiyu Onil, ya girma ya haɗa sarautun biyu a hannunsa, ta Ingila da ta gargajiya, ya yi wa Ingila tawaye, aka ci shi a yaƙin Kinsel a 1601. A 1602 sojan Ingila suka farfasa kujerar dutsen nan ta Tulahog. A 1607 Hiyu ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar, ya rasu a birnin Roma a 1616. A 1608 kotu a Dublin ta yanke cewa gadon Tanis ba doka ba ne. Aka ƙwace filayen gidan aka raba wa baƙi daga Ingila da Sikotilan, wannan kuwa yana cikin tushen rikicin da ya dami Ayalan ta Arewa har zuwa yarjejeniyar sulhu ta 1998. A yau akwai zuriyar Onil a ƙasashe da yawa, amma babu fada, babu talakawa. Tsarin mulkin Ayalan na 1937 ma ya hana gwamnati ba da sarautar gado.

Ka ga bambanci. Turawan nan ɗaya ne, amma a Ayalan sun zaɓi reshe ɗaya suka datse sauran, waɗanda aka datse kuwa ba su da abin jira sai takobi. A Zariya sun bar gidajen duka a tsaye. Ba don tausayi suka yi haka ba, sai don ya ba su damar tuɓe wanda ya gagare su su ɗauko wani daga maƙwabcin gida. Amma sakamakonsa shi ne, wanda aka hana yau yana da dalilin yin haƙuri, domin gobe ma rana ce.

Abin da ya rage a gabanmu

Wannan tsari na Zazzau yana da riba, yana kuma da tsada. Ribarsa ita ce sa rai. Katsinawa sun jira shekara 71 suka samu, Mallawa sun jira 100 suka samu. Barebari, waɗanda suka fi kowa yawan sarakuna, yanzu sun haura shekara 60 a waje. Sulluɓawa kuwa sun haura 150. Dukansu suna nan cikin ganuwa ɗaya, suna hawa a bayan sarki ɗaya.

Tsadarsa kuwa ita ce, magana ta ƙarshe ba ta taɓa zama ta Zage-zagi ba. Jiya Wazirin Sakkwato ne, sa'an nan Razdan, yau kuma gwamna. Abin da ya faru a Kano, inda wani gwamna ya tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi na 2 a 2020, wani gwamnan kuma ya mayar da shi a 2024, ya isa ya nuna inda wannan hanya take iya kaiwa in siyasa ta yi zafi.

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuska kuma. A 1995 aka ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju daga ƙasar Zazzau, aka ƙara wasu da yawa a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Waɗannan sarautu sababbi ne, wasu cikin waɗanda aka fara naɗawa sun riga mu gidan gaskiya, tambayar gado kuwa ta fara ƙwanƙwasa ƙofa. Haka ma a ƙauyukanmu, inda rigimar dagaci ko mai unguwa takan raba 'yan uwa ɗaya, har a daina cin abinci a ƙwarya ɗaya. Dattawan da ke da hannu a irin wannan zaɓe su dubi Zariya, su dubi Tulahog. Su zauna tun mai sarauta yana da rai su daidaita waɗanne gidaje ne ke da haƙƙi, su wane ne masu zaɓe, a kuma rubuta a ajiye. Kada a rufe wa wani gida ƙofa don yau ba shi da ƙarfi. In ba a yi haka ba, ranar da aka yi rashi, wani ne daga Kaduna zai zo ya raba gardama, kuma ba lalle ya raba ta yadda ake so ba.

Wanda aka hana kuwa, ya tuna da gidan da ya ga an kai sarkinsa Lakwaja a 1920, ya ci gaba da zuwa fada yana gaisuwa har jikokinsa suka ga ranar 7 ga Oktoba, 2020. Sarki goma, zamani goma. Allah ya ja zamanin sarki, ya ba ƙasar Zazzau zaman lafiya.